Konan Doyil, Likitan Da Ya Ƙago Shalok Homs

A ɗakin karatu na kwalejinmu akwai wani littafi mai jan bango, wanda ya sha hannu har ɗinkinsa ya saki. Shi na ɗauka ran nan da niyyar in duba shafi biyu kafin a buga ƙararrawa, ban farga ba sai da mai kula da ɗakin ya zo rufe tagogi. Labarun Shalok Homs ne, gwanin binciken nan na birnin Landan. Na lura 'yan'uwa da yawa sun san Homs amma ba su san wanda ya ƙago shi ba, har wani ya yi mini gardama wai mutum ne sosai, ya taɓa zama a duniya. Shi ya sa na ga ya kamata in kawo muku labarin maigidan nasa.

Sunansa Atha Konan Doyil. An haife shi ran 22 ga Mayu 1859 a Edinbara, babban birnin Sikotlan. Ubansa ma'aikacin gwamnati ne mai hannun zane, amma giya ta lalata shi, gidan ya zauna cikin ƙunci. Uwar ce ta riƙe yaran, ita kuwa gwanar ba da labari ce, a bakinta yaron ya fara jin daɗin zance mai kan gado. A 1876 ya shiga jami'ar Edinbara koyon aikin likita.

A nan ne ya gamu da malamin da ya kamata mu da mu ke shirin riƙe alli mu san shi, watau Dakta Josef Bel. Idan aka shigo da majiyyaci, kafin ya buɗe baki Bel ya dubi hannunsa, da takalminsa, da yadda ya ke tafiya, da inda rana ta ƙona shi, sai ya gaya wa ɗalibai sana'ar mutumin da inda ya fito. Sa'an nan ya warware musu yadda ya gane, ɗaya bayan ɗaya, har kowa ya ga ashe abin a fili ya ke, shi ne dai bai duba ba. Duk wanda ya taɓa bin mai bin sawu ranar da aka sace akuya a ƙauye ya san irin wannan ilmi. Bel ya ɗauki Doyil ya zama mai rubuta masa sunayen majiyyata, saboda haka yaron ya ga abin kusa da kusa. Malamin bai san yana shuka wani abu ba, darasinsa kawai ya ke yi.

Da ya sami takardar likita a 1881 sai ya kama aiki a wani jirgin ruwa mai suna Mayumba, wanda ke zuwa Afirka ta Yamma. Ya zo har ƙasarmu, ya ga Ikko da Boni da Kalaba. Jirgin yana tsaye a Ikko zazzaɓi ya kwantar da shi kwana da kwanaki, shi ne kuwa likitan jirgin, ba mai duba shi. Abin da ya rubuta game da mutanen bakin teku akwai raini a ciki, ba na ɓoye muku. Amma shi ne kuma a 1909 ya rubuta littafi guda yana tona zaluncin da aka yi wa mutanen Kwango.

A 1882 ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Sawutsi, kudancin Ingila. Majiyyata ba su zo da yawa ba, zaman jira ya sa ya kama alƙalami. Labarin Homs na farko ya fito a 1887, aka saye shi gaba ɗaya fam 25, bai kuwa yi wani tashe ba. Sai a 1891, da mujallar Strand ta fara buga gajerun labarun wata wata, sa'an nan suna ya tashi.

Dabararsa ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ba shi ne ya fara irin wannan labari ba, Ba'amurken nan Edga Alan Po ya riga shi tun 1841. Amma Doyil ya gyara tsarin. Kowane labari yana ƙarewa a fitowa ɗaya, mutanen ciki kuwa ba su sakewa, don haka wanda ya rasa mujallar wani wata bai ɓata ba. Kuma bai bar Homs ya riƙa ba da labarin kansa ba, sai kaɗan daga baya. Ya sa abin a bakin abokinsa Dakta Watsan, mutumin kirki mai hankali daidai da naka da nawa. Duk abin da Homs ya gani Watsan ma ya gani, ya kuma faɗa mana: tokar taba, laka a takalmi, karen da ya yi shiru daren da aka yi sata. Ba a ɓoye mana kome ba. Sai a ƙarshe Homs ya ɗauko su ya jera, mai karatu ya dafe kai. Ni dai tun da na gane haka, in na shiga aji gwajin koyarwa na kan ajiye abu gaban yara in bar su su yi ta dubawa kafin in ce uffan.

Abin mamaki, shi mai abin ya gaji da Homs. Yana ganin littattafansa na tarihi su ne aikin ƙwarai, wannan kuwa ya tare musu hanya. A Disamba 1893 ya jefa Homs da abokin gabansa Moriyati cikin wani kwazazzabon ruwa a Suwizalan, ya ce shi ke nan. Masu karatu suka yi ca a kansa da wasiƙu. Ya daure shekara 8, sa'an nan ya fito da labarin karen Baskabil a 1901, a 1903 kuma ya nuna ashe Homs bai mutu ba. Jimla dai dogayen labaru 4 ne, gajeru 56.

Inda na fi ganin girmansa shi ne shari'ar Joj Edalji. Wannan lauya ne, ubansa mutumin Indiya ne da ke limancin coci a wani ƙauyen Ingila. A 1903 aka ce shi ne ke farke cikin dabbobin mutane da dare, aka yanke masa shekara 7. Ya yi 3 aka sake shi, amma laifin na bisa kansa, ba shi da ikon komawa aikinsa. Ya rubuta wa Doyil, suka shirya gamuwa a wani masauki a Landan. Doyil ya makara, da ya iso ya hango shi yana karatun jarida, ya kai ta dab da idonsa, ya kuma karkata ta gefe. Da ya ke ya koyi aikin ido, nan take ya gane mai irin wannan gani ba ya iya ratsa gonaki cikin duhu ya kama doki ya yanka. Ya bi sauran shaidar ya tsefe ta a jarida, ya ce ƙin baƙo ne ya ɗaure yaron. A 1907 gwamnati ta yafe wa Edalji, ko da ya ke ba ta ba shi ko kwabo na diyya ba, a shekarar kuma aka kafa kotun ɗaukaka ƙarar laifuffuka a Ingila.

Ƙarshen labarin ba ya yi mini daɗi. Ya shiga cikin masu cewa suna magana da matattu, da ɗansa ya rasu a 1918 kuwa abin ya ƙara kama shi, ya zuba ƙarfinsa da dukiyarsa a ciki. A 1920 aka nuna masa hotunan da waɗansu 'yan mata biyu suka ɗauka, wai ga su tare da ƙananan aljanu masu fukafukai. Mutumin da ya ƙago Homs ya yarda, har ya rubuta littafi a kai. Sai a 1983 matan, sun tsufa, suka faɗi cewa takarda suka yanka suka kafa da allurar hula.

Bai ji wannan ba. Ciwon zuciya ya kashe shi ran 7 ga Yuli 1930 a gidansa na Kurobara, yana da shekara 71. Aka binne shi cikin lambun gidan, a 1955 aka ɗauke shi aka mai da shi maƙabartar wani ƙauye da a ke kira Minsted.