Dennis Ritchie: Mutumin da alamominsa biyu ke buɗe aikin masu kula da kwamfuta

Duk wanda aikinsa shi ne kula da manyan kwamfutocin banki ko na kamfanin sadarwa ya san baƙin allon nan da babu hoto a kansa, sai ɗan ɗigo da ke ƙyaftawa yana jiran a rubuta umarni. Idan aiki ya zama na kullum, kamar kwafe bayanai da tsakar dare ko share tsofaffin fayiloli, ma'aikaci yakan jera umarnin a fayil guda, ya bar na'ura ta riƙa bi da kanta. Irin wannan fayil kusan kullum da alamomi biyu yake farawa, wato #!, kuma marigayi Dennis Ritchie ne ya shigar da su cikin tsarin Unix a watan Janairun 1980.

An haifi Dennis MacAlistair Ritchie ranar 9 ga Satumba, 1941, a Bronxville ta Jihar New York a Amurka. Mahaifinsa masani ne a cibiyar bincike ta Bell Labs, wadda a lokacin mallakar kamfanin tarho na AT&T ce. Ya karanta kimiyyar fiziks da lissafi a Jami'ar Harvard, ya kuma rubuta kundin digirin digirgir a 1968, amma bai taɓa karɓar digirin ba. A 1967 ya riga ya fara aiki inda mahaifinsa yake, kuma can ya zauna har ya yi ritaya a 2007.

Da isarsa ya tarar ana fama da wani katafaren tsarin sarrafa kwamfuta mai suna Multics, wanda Bell Labs ke ginawa tare da jami'ar MIT da kamfanin General Electric. Aikin ya yi nauyi, ya ci kuɗi, sai Bell Labs ta janye a 1969. Abokin aikinsa Ken Thompson ya samu wata ƙaramar na'ura, PDP-7, da ba a cika amfani da ita ba, ya fara gina ƙaramin tsari a kanta, Ritchie yana taya shi. Wannan ne ya zama Unix.

Adalci ne a ba kowa haƙƙinsa. Manhajar da ke karɓar umarni daga hannun mutum ta miƙa wa na'ura, wadda ake kira shel, Thompson ne ya rubuta ta farko. Dabarar bututu kuwa, wato a sa abin da wani umarni ya fitar ya zuba kai tsaye cikin wani, Douglas McIlroy ne ya dage a kanta har aka aiwatar da ita a 1973. Da ita ne mai kula da na'ura ke rubuta who | wc -l, umarnin farko ya jero waɗanda suka shiga na'urar, na biyu ya ƙirga su. Shel ɗin da ya zama ma'auni ga masu rubuta jerin umarni na Stephen Bourne ne, ya fito a 1979.

To ina rabon Ritchie? Shi ya shimfiɗa ƙasar da duk waɗannan suka tsaya a kai. A wancan zamani ana rubuta tsarin sarrafa kwamfuta ne da harshen na'urar da aka yi shi dominta, ta yadda idan an daina ƙera na'urar, tsarin ma ya bi ta. Ritchie ya ɗauki harshen B na Thompson ya faɗaɗa shi ya zama C, a 1973 kuma su biyun suka sake rubuta zuciyar Unix da shi. A 1977 da 1978 shi da Steve Johnson suka ɗauke tsarin zuwa wata na'ura dabam, Interdata 8/32, abin da ya tabbatar da cewa Unix ba bawan ƙarfe ɗaya ba ne. A 1978 ya fitar da littafin koyar da C tare da Brian Kernighan, ɗan siririn littafi da har yau ake karantawa. Albarkacin wannan ne umarnin da ɗalibi ya koya shekara 40 da suka wuce, irin su ls da cp da grep, ke yi masa aiki a yau a kan Linux da kwamfutocin Apple.

Alamomin nan biyu sun warware wata matsala ce ta zahiri. Kafin su, zuciyar tsarin ba ta san abin da za ta yi da fayil ɗin umarni ba, sai ta ƙi shi, shel ya yi ta kansa. Ga shi kuma shel ya fara yawaita, domin Bill Joy na Jami'ar Berkeley ya fito da nasa mai ƙa'idoji dabam. Ritchie ya sa zuciyar ta riƙa duba haruffa biyu na farko. Idan ta ga #!, sai ta kira manhajar da aka ambata a sauran layin ta miƙa mata fayil ɗin. Daga nan fayil ɗin da ma'aikaci ya rubuta da hannunsa ya samu matsayi ɗaya da kowace manhaja, kuma shi da kansa yake faɗin wanda zai karanta shi. Harsunan da suka zo daga baya, irin su Perl da Python, ta wannan ƙofa suka shigo. Ƙaramin gyara ne, amma a ganina babu abin da ya fi shi nuna halin mutumin: ya fi son ya gyara abu ɗaya a gindi da ya yi ta ƙara rassa.

An karrama shi da Thompson da lambar Turing a 1983, Shugaba Bill Clinton ya ba su lambar fasaha ta ƙasa a 1999, sannan suka samu lambar Japan a 2011. Duk da haka sunansa bai fita daga da'irar masu sana'ar ba, alhali wayar Android da ke aljihun manomi a Birnin Gwari tana tafiya ne a kan zuciyar Linux, wadda aka rubuta da harshensa.

An tsinci gawarsa ranar 12 ga Oktoba, 2011, a gidansa da ke Berkeley Heights a Jihar New Jersey, inda yake zaune shi kaɗai, yana da shekara 70. Mako ɗaya ke nan da rasuwar Steve Jobs, kafafen watsa labarai na can suna juyayinsa, kuma tsohon abokin aikinsa Rob Pike ne ya fara sanar da jama'a. Wata guda bayan haka, masu gina tsarin Fedora suka sadaukar da fitowarsu ta 16 gare shi.