MUHAMMADU MARWA MAITATSINE: RAYUWARSA DA ƘARSHENSA

Har yau duk inda dattawan Arewa suka zauna, ko a Agege ta Ikko, ko a Sabon Ibadan, in aka ɗauko zancen ta'addanci sai an ambaci Maitatsine. Wasu su ce baƙo ne ya kawo fitina, wasu su ce talauci ne, wasu kuwa su ɗora laifin a kan hukuma. Tarihin mutumin zai taimaka wajen auna waɗannan maganganu.

Sunansa Muhammadu Marwa, asalinsa mutumin Marwa ne a arewacin Kamaru. Ya shigo Kano wajen 1945 a matsayin malamin allo mai wa'azi. An yi masa laƙabi da Maitatsine saboda yawan tsinuwar da yakan yi wa duk wanda bai bi ra'ayinsa ba. Wa'azinsa ya yi zafi har aka kore shi daga Kano a 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi. Bayan Sarkin ya yi murabus a 1963, sai ya lallaɓo ya dawo. An sake kama shi a zamanin mulkin soja, aka ɗaure, aka kuma sake shi.

Ya kafa sansaninsa a unguwar 'Yan Awaki. Ya haramta wa mabiyansa rediyo da agogo da keke, ya yi watsi da hadisai, abin da ya sa malaman Kano suka yi tir da shi. Amma duk da haka jama'arsa sai ƙaruwa take yi. Yawancinsu gardawa ne da 'yan cin rani, watau samarin ƙauye waɗanda farin 1973 ya koro zuwa birni. Sun tarar kuɗin man fetur ya shigo, masu hali suna ta gine-gine da sayen motoci, kaya sun yi tsada, su kuwa ko wurin kwana ba su da shi. A 'Yan Awaki suka sami tuwo da tabarma, da kuma mai gaya musu cewa su ne a kan gaskiya.

Maƙwabta sun daɗe suna kuka cewa ana ƙwace musu gidaje, ana tare hanya, amma ba a yi wani abin kirki ba. Sai a watan Nuwamba 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa da takarda, ya ba shi mako biyu ya rushe gine-ginen da ya yi ba bisa ƙa'ida ba. Ran 18 ga Disamba faɗa ya ɓarke tsakanin mabiyansa da 'yan sanda a filin Shahuci. 'Yan sanda suka kasa, har Shugaba Shehu Shagari ya ba soja umurni su shiga. Aka kwana goma sha ɗaya ana ɗauki-ba-daɗi. Lissafin hukuma ya ce mutum 4,177 suka rasu, cikinsu har da Marwa kansa, wanda ya mutu saboda raunin da ya samu. Daga baya aka tono gawarsa aka ƙone, don kada kabarinsa ya zama wurin ziyara.

Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu. A lokacin an yi ta raɗe-raɗin cewa akwai hannun wata ƙasar waje, amma binciken bai tabbatar da haka ba. Yawancin waɗanda aka kama 'yan Nijeriya ne. 'Yan siyasa kuwa, NPN da PRP, kowa ya shiga nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Mutuwar Marwa ba ta kashe wutar ba. A Oktoba 1982 almajiransa suka tashi a Bulunkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna, a 1984 a Jimeta, a 1985 kuma a Gombe. Kowane karo an tura masu bindiga, an yi jana'iza, an koma harkokin yau da kullum. Yaran da ke yawo da ƙoƙon bara kuwa aka bar su yadda suke. A 2009 sai ga rikicin Boko Haram a Maiduguri. Aƙidarsu dabam ce da ta Marwa, amma shi ma shugabansu Muhammad Yusuf an kashe shi, a hannun 'yan sanda, kuma fitinar sai ta ƙara faɗi.

Talauci kaɗai ba ya sa mutum ya ɗauki makami, domin talakawa da yawa sun ji wa'azin Marwa sun juya masa baya. Amma Marwa shi kaɗai ba zai iya tsayawa gaban soja ba, sai da ya sami 'ya'yan da iyaye da hukuma suka yi sakaci da su. Saboda haka duk magidancin da ke neman abinci a Kudu, ya bar yara a gida, ya kamata ya san malamin da ke karantar da su, da abin da suke ci, da inda suke kwana. Allah Ya jiƙan bayinSa da suka rasu, Ya kiyaye na gaba.