Likita Alois Alzheimer Da Matar Da Ta Kasa Rubuta Sunanta

Daga Wakilinmu na Arewa, Zungur, Bauchi

A nan Zungur ba abin mamaki ba ne ka shiga gida ka tarar da tsohuwa ta ci tuwo yanzu, an jima ta ce ba a ba ta ba, ko ta kira jikanta da sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa. Mu dai gigin tsufa muke cewa, marasa tausayi kuwa har mayya suke ce mata. To, 'yan'uwa mazauna Sabo ta Ibadan da Agege da suka baro gyatumarsu a gida, wannan abu cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ga kuma tarihin likitan da ya gano ta.

An haifi Alois Alzheimer ran 14 ga Yuni, 1864, a wani ƙaramin gari mai suna Marktbreit a ƙasar Jamus. Ya yi karatun likita a Berlin da Tübingen da Würzburg, a 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt. Mutum ne mai naci: da rana yana tare da majiyyata, da dare yana duƙe a kan madubin likita yana duba ƙwaƙwalwar matattu. Ya yi aure a 1894, suka haifi 'ya'ya uku, matar ta rasu a farkon 1901.

A watan Nuwamba na wannan shekara aka kawo wata mata mai suna Auguste Deter, matar wani akawun jirgin ƙasa, tana da shekara 51. Da kishi abin ya fara, tana zargin mijinta da maƙwabciya. Daga nan ta soma ɓoye kayan gida, tana ɓata girki, tana ɓacewa a cikin ɗakinta. Da likitan ya ba ta alƙalami ta rubuta sunanta, sai ta fara ta tsaya, ta manta abin da aka ce ta yi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne shekarunta ba su kai na gigin tsufa ba.

A 1903 ya koma aiki ƙarƙashin babban likita Emil Kraepelin, har suka zauna a Munich, amma bai daina bin labarinta ba. Da ta rasu ran 8 ga Afrilu, 1906, aka aika masa ƙwaƙwalwarta. Ya tarar ta motse, ga wani datti ya dunƙule tsakanin jijiyoyin, ga wasu zaruruwa sun cukurkuɗe a cikinsu. A watan Nuwamba ya bayyana wa taron likitoci a Tübingen, ba wanda ya yi masa ko tambaya ɗaya. Kraepelin ne ya raɗa wa cutar sunansa a littafinsa na 1910.

Shahararren majiyyacinsa na biyu namiji ne, watau cutar ba ta bar maza ba. Amma mata ta fi ci. A Amurka kusan kashi biyu cikin uku na masu ita mata ne. Dalili na farko, mata sun fi maza tsawon rai, ita kuwa cutar tsufa take bi. Sai dai wannan bai ƙare magana ba. Akwai wani iri na gado a jini da ake kira APOE4 wanda ya fi yi wa mace illa, masana kuma suna duba sauyin da ke samun jikinta bayan ɗaukewar haila. Rashin karatu ma yana ƙara haɗarin, mu kuwa mun san wa aka bari a gida lokacin da aka sa maza makaranta. Binciken da likitocin Jami'ar Ibadan suka fara da takwarorinsu na Indianapolis a 1992 ya nuna cutar ba ta kai yawan ta baƙar fatar Amurka ba, amma a Ibadan ɗin ma mata ta fi kamawa. Jinyar ma a kansu take: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na lokacin kula da irin waɗannan tsofaffi mata ne ke bayarwa. Kai ka aiko kuɗi daga Ikko, ƙanwarka ko matar wanka ce ke kwana ba barci.

A 1912 aka naɗa Alzheimer farfesa a Breslau. Ciwo ya kama shi tun a jirgin ƙasa kan hanyar zuwa, bai kuma sake samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu ran 19 ga Disamba, 1915, yana da shekara 51, daidai shekarun Auguste ranar da ya fara ganinta. An binne shi a Frankfurt kusa da matarsa. Takardun asibitin Auguste kuwa sun ɓace shekara da shekaru, sai a 1995 aka gano su, da guntun rubutun hannunta a ciki.