SARKIN KANO ALU MAI SANGO DA YAƘIN BASASA

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko, in aka ambaci basasa, babu abin da ke faɗo musu a rai sai yaƙin da aka yi a ƙasar nan daga 1967 zuwa 1970. Alhali kuwa Kanawa sun san wannan kalma tun kafin zuwan Turawa, domin daga ƙarshen 1893 zuwa 1895 'ya'yan wa da ƙane sun zare wa juna takobi a kan gadon sarautar Kano. Wanda ya yi rinjaye a wannan yaƙi shi ne Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Mai Sango.

Shi dai Alu ɗa ne ga Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, jika ga Ibrahim Dabo. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan wannan kaka nasa ma ya ci. Ya tashi da karatu da hawan doki, har ya zamana ana lissafa shi cikin masu ilmi na gidan Dabo.

Tushen fitinar shi ne, bayan rasuwar Abdullahi sai ƙanensa Muhammadu Bello ya hau. Bello ya dinga tuɓe 'ya'yan wansa da barorinsu daga sarautu yana naɗa nasa, ya kuma ba ɗansa Tukur sarautar Galadima, wadda a dā Yusufu ɗan Abdullahi ya riƙe. Da Allah ya yi wa Bello rasuwa a ƙarshen 1893, sai Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umurni a naɗa Tukur, saboda bajintar da ya nuna masa a yaƙin Argungu. Waziri Buhari, wanda yana Kano a lokacin, ya ga alamar jama'a ba su so, amma ba shi da ikon ƙin umurnin. Aka naɗa Tukur. Yusufu da 'yan uwansa da manyan bayin gidansu suka fice daga birni suka kafa sansani a Takai, kudu maso gabas da Kano. Su ne Yusufawa, Alu kuwa shi ne Wazirinsu.

Da farko Yusufawa sun yi gaggawa. Suka tasam ma birni kai tsaye, suna zaton mutanen gari za su tashi su mara musu baya. Hakan bai samu ba, aka kore su da asara mai yawa. To, a nan ne kowane ɓangare ya yanke shawarar da ta zama sanadin ƙarshen yaƙin. Tukur ya gwada ƙarfi a kan waɗanda aka kama, aka kashe waɗansu, aka sayar da waɗansu kamar bayi, alhali 'ya'ya ne kuma Musulmi, danginsu na nan cikin gari suna gani. Ya ci yaƙin ranar, amma ya rasa zukatan Kanawa.

Su kuwa Yusufawa sai suka sake dabara. Suka bar birni, suka fuskanci garuruwan ƙasar Kano ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi mubaya'a a bar shi da sarautarsa, wanda ya ƙi a ci shi da yaƙi, kamar yadda aka yi wa Gaya. Suka kuma nemi taimakon Gumel da Ningi. Hikimar wannan a fili take. Ƙarfin Sarkin Kano ba a cikin birni yake ba, yana ga dawaki da 'yan baka da hatsin da garuruwa ke aikowa. Duk garin da ya koma wajen Yusufawa, rundunarsu ta ƙaru, ta Tukur ta ragu. Ga shi kuma ganuwar Kano ta kai kimanin mil 11 a kewaye, ba ta tsaruwa sai da ɗimbin mutane masu son wanda suke tsarewa.

Ana cikin haka Yusufu ya rasu a Garko cikin 1894. Runduna ta rasa shugaba a tsakiyar yaƙi, abin da ya isa ya watsa ta. Manyan bayin gidan Abdullahi suka tsaya a kan Alu, sauran 'yan uwa suka bi. Ban da ilminsa da jarumtarsa, an duba cewa jikan Sarkin Musulmi ne, zai yi wa Sakkwato wuya ta ɗauke shi bare. Alu bai ba mutane damar zaman jayayya ba, nan da nan ya ja su zuwa Kano. A wannan karo ƙasa tana bayansa, masu tsaron birni kuma sun yi ƙaranci. Cikin watan Agusta 1894 ya shiga Kano, Tukur ya fice ya nufi ƙasar Katsina.

Saura shawara ɗaya mai nauyi. Sarkin Musulmi ya aika wa sarakuna su taru su mai da Tukur, amma yawancinsu suka yi ta jan ƙafa. Alu ya lura muddin Tukur na raye a bakin iyaka, wata rana taron zai haɗu. Saboda haka bai zauna jira a bayan ganuwa ba, ya fita ya bi shi har cikin ƙasar Katsina, ko da yake yin haka saɓa wa Sakkwato ne a sarari. Cikin watan Maris 1895 aka gwabza a Tafashiya, Tukurawa suka karye, Tukur ya rasa ransa. Daga bisani Sakkwato ta amince da Alu.

Shekarun mulkinsa ba su zama na hutu ba. Ya ba bindiga muhimmanci, ya kuma shahara da sango, watau mashin nan da ake ɗura wa bindiga a harba, daga nan ya sami laƙabinsa. Ya sha fama da Damagaram, wadda rundunarta ta zo har kusa da birni. Basasa ta riga ta cinye mazaje da dawaki masu yawa, ta kuma bar gaba a tsakanin gidaje.

A 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni ya gudo Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga ya riƙe wannan hujja. A farkon 1903 Alu ya ɗebi mafi yawan mayaƙansa ya tafi Sakkwato gai da sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Yana can Kanar Molan ya taso daga Zariya, ya ci Bebeji, ran 3 ga Fabrairu 1903 ya shiga Kano ta Ƙofar Kabuga. Abin da ya sami Tukur shi ya sami Alu, ga ganuwa tsaye, babu isassun masu tsaronta.

Labari ya iske shi a hanyar komowa. Cikin dare ya rabu da rundunarsa ya yi arewa, abin da har yau Kanawa ke muhawara a kansa. Runduna ta rabu biyu. Waziri Ahmadu ya kara da Turawa a Kwatarkwashi ya yi shahada, Wambai Abbas kuwa ya komo da sauran jama'a Kano, aka naɗa shi sarki. An kama Alu a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya zauna har rasuwarsa a 1926.

Mutumin da ya ƙwaci Kano da takobi ya yi shekara fiye da 20 yana baƙunci nesa da gida, bai sake ganin Dala ba. Direbobin da ke lodi a Apapa su nufi Arewa ta Lakwaja, da fasinjojin da ke tashi daga Agege su bi wannan hanya, suna wuce garin da kabarinsa yake. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Tukur da Yusufu da dukkan waɗanda basasa ta ci, ya kuma kiyashe mu da faɗan 'yan uwa, amin.