Shehu Rahmatullahi Al-Hindi (1818–1891)

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna birane sun sha kallon kaset-kaset na muhawarar marigayi Ahmad Deedat, amma kaɗan ne suka san malamin da littafinsa ya ɗora shi bisa wannan tafarki. Shi ne Shehu Rahmatullahi, haifaffen garin Kairana na ƙasar Indiya.

A zamaninsa ne littafin Mizanul Haƙƙi, na wani Bajamushe mai wa'azin Kirista, Pfander, ya bazu a Indiya yana sukar Alƙur'ani, har zukatan wasu Musulmi suka fara rawa. Shehu bai tsaya tsinuwa ba. Zama ya yi ya nazarci Baibul, abokinsa likita Wazir Khan, mai jin Ingilishi, yana kawo masa abin da masanan Turai kansu suka rubuta kan saɓanin kwafe-kwafen littafin. Mu da muka tsufa a aji, wannan shirin ya fi burge mu. A Afrilun 1854 suka yi muƙabalar kwana biyu a birnin Agra kan shafe hukunci da sauya nassi. Pfander ya amsa akwai saɓani a wasu wurare, amma ya dage bai shafi aƙida ba.

Bayan boren 1857 Turawa suka ƙwace dukiyarsa, ya tsere zuwa Makka. A Istanbul ya rubuta Izharul Haƙƙi a 1864, sannan ya kafa makarantar Saulatiyya a Makka da gudummawar wata baiwar Allah daga Kalkata. A Makkan ya rasu. Allah Ya jiƙansa.