Alhaji Abubakar Imam: Malamin Makaranta da Ya Zama Editan Gaskiya

A wannan fitowa mun ɗauko tarihin mutumin da ya kamata kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta a Zariya ya sani, wato marigayi Alhaji Abubakar Imam. Da yawanmu mun san shi da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, saboda ana kawo su a jarrabawa. Amma kaɗan ne suka san cewa shi ne editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma a nan Zariya ya yi aikin. Idan ka fita ta Ƙofar Doka ka nufi Tudun Wada, har yau akwai wurin da ake kira Gaskiya. Daga kamfanin da ke buga jaridar sunan ya samo asali.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Gidansu gidan malamai ne, don haka da karatun allo ya fara. Daga baya ya shiga Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna sannan Zariya, ita ce Barewa ta yau. Da ya gama a 1932 sai ya zama malami a makarantar Midil ta Katsina.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke kula da hukumar fassara da talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, ya yi nasara. Yayansa Malam Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar. Ganin iya Hausarsa ya sa aka aro shi zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, ana sayar da ita kwabo ɗaya, aka ba Imam kujerar edita yana ɗan shekara 28 ko kusa da haka. Mu tuna cewa a lokacin babu makarantar koyon aikin jarida a Arewa, babu wani tsohon editan Hausa da zai je ya tambaya. A bakin aiki ya koyi aiki. Shi ne mai rubutu, shi ne mai fassara, shi ne mai tace wasiƙun masu karatu. Cikin waɗanda suka yi aiki tare da shi akwai ɗan birninmu, Malam Nuhu Bamalli, wanda daga baya ya zama minista kuma Magajin Garin Zazzau.

Jaridar ba ta cika shekara ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Nan da nan aikin ya sake kama. Mutane suna son jin labarin ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba, musamman da aka kwashi 'ya'yansu soja har Bama. Dole edita ya samo kalmomin Hausa da za su ɗauki sababbin abubuwa, yadda wanda ake karanta wa jarida a zaure zai gane. Ga shi kuma jaridar ta gwamnatin Turawa ce, ga sarakuna da En'e a gefe, ga talaka da ke aiko kukansa a wasiƙa. Tsakanin waɗannan uku Imam ya riƙa takawa sannu, ba tare da ya rufe ƙofar masu koke ba.

A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. A can sauran suka sa hannu a wata takarda ta neman mulkin kai, shi kuwa bai sa ba, domin yana ganin halin da Arewa ke ciki daban ne. Har yau masana na muhawara a kan wannan mataki. Labarin tafiyar ne ya rubuta a Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aiki ya bunƙasa. Abin da mutum biyu ko uku ke yi da ya rabu hannu-hannu: ga masu kawo rahoto, ga masu jera haruffan dalma, ga masu gyaran kuskure, ga masu ɗinkin littafi, ga masu rarraba jarida. A 1948 kamfanin ya ƙara da jaridar Turanci, Nigerian Citizen. Bayan wajen shekara 12 yana edita, Imam ya shiga majalisa, sannan ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Kafin rasuwarsa a 1981 ya ga an buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, ya ga rediyo da talabijin sun kafu a Kaduna a 1962, ya ga New Nigerian ta maye gurbin Citizen a 1966. A rayuwar mutum ɗaya sana'ar ta sauya kama sau da yawa.

To, ga abin da ya tsaya mana a rai. Mun san Imam domin ya bar rubutu, har an buga tarihin rayuwarsa a 1989. Amma wa zai iya kawo mana sunan mutum biyar cikin masu jera haruffan Gaskiya? Da kwamfuta ta zo, sana'arsu ta tafi. Ina suka koma? Wa ya koya musu wani aiki?

Yau ma irin haka ke faruwa. Matashi ɗaya da wayar hannu yana ɗaukar hoto, ya rubuta labari, ya sa a Facebook. Wani yana aiki a gidan rediyo ba takardar ɗauka, wani sai ya kawo talla ake biyansa. Ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, NUJ, wadda aka kafa a Legas a 1955, an gina ta ne a zamanin da ɗan jarida ke da ofis da albashi. A ganinmu ya kamata kowane reshenta ya riƙe rajista, yana sabunta ta duk shekara: wa ke aiki, wane iri, da takarda ko babu, ana biya ko ba a biya, wace sana'a ce ke mutuwa, wace ce ke tsirowa. Wanda ba a ƙidaya shi ba, da wuya a yi masa yaƙin haƙƙinsa.

Mu ma za mu fara daga inda ƙarfinmu ya kai. Ƙungiyarmu ta buɗe littafi. Duk wanda kakansa ko maƙwabcinsa ya taɓa aiki a Gaskiya, ko a Kwarbai yake ko a Babban Dodo, ya nemi izininsa, ya tambayo irin aikin da ya yi da shekarun da ya yi, ya kawo wa sakatarenmu. Da yawa cikin dattawan nan sun manyanta, kada mu yi jinkiri.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam da duk waɗanda suka yi aiki tare da shi, amin.