Muhammadu Korau, Baƙon Da Ya Kafa Gidan Sarautar Katsina

Muhammadu Korau ba ɗan sarki ba ne. Tarihin baka ya nuna mutumin 'Yandoto ne, tsohon garin malamai da fatake wanda ke kusa da Tsafe, maƙwabtan ƙasar Faskari da Ƙanƙara.

Sa'ad da ya taso, mulkin Katsina yana hannun Durɓawa, waɗanda kaburburan sarakunansu ke Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani. An ce al'adarsu ita ce sarki ya kare gadon sarautarsa da kokawa. Sarki Sanau kuwa yana da wata laya wadda muddin tana jikinsa bayansa ba ya taɓa ƙasa. Korau, wanda abokinsa ne, sai ya haɗa baki da matar Sanau ta sace layar. Ranar karawa ya kā da shi a gindin tsamiyar Bawada, ya yanka shi, ya hau gado. Ko yaya aka juya labarin, akwai cin amana a ciki, kuma masu ba da shi ba su ɓoye ba.

Amma abin da ya yi bayan nan ya fi kokawar muhimmanci. Bai kawar da Durɓawa ba. An bar musu sarautar Durɓi, tana cikin masu zaɓen sarki. Ya zaunar da mulki a birnin Katsina, inda fataken Agadas da Wangarawa ke sauka, kuma shi ake ɗauka Sarkin Katsina Musulmi na farko.

Akwai saɓani kan zamaninsa. Wasu jerin sarakuna sun sa hawansa a 1348, amma Dokta Yusufu Bala Usman ya sa shi wajen 1445 zuwa 1495, watau tsaran Muhammadu Rumfa na Kano. Ibrahim Sura ne ya gaje shi.

Zuriyarsa ta riƙe Katsina fiye da shekara 300, har 1807 lokacin da masu jihadi suka ci birnin, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama, sauran jama'arsa suka bi Ɗan Kasawa zuwa Maraɗi, inda har yanzu ake kiran mai sarautar Sarkin Katsina. A birnin kuwa, Dallazawa sun wuce, Sulluɓawa sun hau a 1906, duk da haka fadar Gidan Korau ake ce mata, kuma takobinsa Gajere yana cikin kayan sarauta.